Dokokin Abinci a Addinin Yahudanci da Dalilan Kiyaye Su: Nazari Bisa Ma'aunin Cimakar Ƙasar Haɗeja

1.0 Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani a zaure ya taɓa cin karo da mas'alar abincin Ahlul Kitabi. A babin yanka malamin ya nuna babu laifi ga cin abin da suka yanka, sai dai an karhanta kitsen dabbar da Bayahude ya yanka, ba tare da an haramta ba. Wanda ya zarce zuwa Muhtasar na Shaihu Halilu da sharhin Ahmad Dardir zai sake tarar da wata kalma, watau "ɗarifa", wadda aka fassara da dabbar da aka samu huhunta da lahani bayan an yanka. Ɗalibanmu suna haddace waɗannan hukunce-hukunce, amma kaɗan ne daga cikinsu suka san tsarin da ya haife su.

Dalilin wannan giɓi a fili yake. Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a shekarar 996 Miladiyya, ya zauna a Ƙairawan a lokacin da garin yake da babbar al'ummar Yahudawa da makarantunsu, saboda haka mas'alar ta kasuwa ce a wurinsa. A ƙasar Hausa kuwa ba a sami irin wannan maƙwabtaka ba. Littafin ya iso mana, mutanen da yake magana a kansu ba su iso ba.

Maƙasudin wannan takarda shi ne bayyana wannan tsari, wanda Yahudawa suke kira "kashrut", da dalilan da suka sa masu riƙo da addinin suke kiyaye shi. Domin abin ya fito sarari, za a auna kowace doka da abincin da muka sani a Kaugama da sauran garuruwan fadamar Kogin Haɗeja. Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, kashrut ya yi kama da halal a mayanka, amma ya rabu da shi a madafa, kuma tushensa biyayya ga umurni ne da keɓe al'umma, ba kiwon lafiya ba.

2.0 Ma'ana da Tushe

Kalmar "kasher", wadda Turawa suka mayar "kosha", tana nufin abin da ya dace ko ya cancanta. Kishiyarta a bakin jama'a ita ce "terefa", wadda asalinta dabbar da naman daji ya yayyaga ce. Ita ce ɗarifar da ta shigo littattafan fiƙihunmu.

Dokokin suna da tushe hawa uku. Na farko shi ne Attaura, musamman babi na 11 na Littafin Firistoci da babi na 14 na Maimaitawar Shari'a. Na biyu shi ne Talmud, watau taskar bayanin malamansu na farko, wadda a cikinta akwai sashe guda mai suna Hullin da ya keɓanta ga yanka da nama. Na uku kuwa littattafan hukunci ne na baya, waɗanda mafi shahara a cikinsu shi ne Shulhan Aruk na Yusufu Karo, da aka buga a birnin Banis na Italiya a 1565. Matsayinsa a wurinsu ya yi kusa da matsayin Muhtasar a wurin Malikawa.

3.0 Dabbobin da Aka Halatta da Waɗanda Aka Hana

3.1 Dabbobin tudu

Dabbar tudu ba ta halatta sai ta haɗa alamu biyu: ta kasance mai rababben kofato, kuma mai tuƙa. Saniya da tunkiya da akuya da barewa da gada duk sun cika sharaɗi. Attaura ta ambaci dabbobi huɗu da suke da alama ɗaya kaɗai. Raƙumi da rema da zomo an lasafta su cikin masu tuƙa marasa rababben kofato, alade kuwa yana da kofaton amma ba ya tuƙa. A nan ne sabanin farko ya bayyana, domin naman raƙumi da na zomo halal ne ga Musulmi. Haka kuma duk abin da ya fito daga haramtacciyar dabba haram ne, saboda haka nonon raƙuma ma bai halatta gare su ba.

3.2 Tsuntsaye

Game da tsuntsaye ba a ba da alamu a Attaura ba, an dai jera sunayen waɗanda aka hana, kuma Talmud ya ƙidaya su iri 24. Mafi yawansu masu farauta ne ko masu cin mushe, kamar mikiya da ungulu da shaho da hankaka da mujiya, sa'an nan da jimina. Da yake an daɗe da rasa tabbacin wasu sunayen, sai aka koma ga gado: ba a cin tsuntsu sai wanda aka san kakanni sun ci. Kaza da tantabara da agwagwa da dinya sun tsira ta wannan hanya. Zabo kuwa, wanda muke kiwo a kowane ƙauye, malamansu sun yi saɓani a kansa.

3.3 Kifi

Wannan sashe ya fi shafar mutanen fadama. Halittar ruwa ba ta halatta sai tana da fiffiken iyo da kuma ɓawon da ake iya kankarewa ba tare da an yage fata ba. In muka ɗauki kamun masuntan Haɗeja muka baje, za mu ga karfasa da bargi da giwan ruwa sun shiga, domin suna da ɓawo. Tarwaɗa da kurungu da ragon ruwa kuwa sulɓi gare su, saboda haka duk haram ne. Wato bandar tarwaɗa, wadda ake lodinta daga wannan yanki zuwa kasuwannin kudu, ba za ta shiga gidan Bayahude mai kiyaye doka ba. Kwaɗo da kaguwa da kada su ma haka. A mazhabar Malikiyya kuwa dabbobin ruwa halal ne ba tare da wannan sharaɗi ba. Inda aka haɗu shi ne, ɓangarorin biyu ba su wajabta yanka kifi ba.

3.4 Ƙwari da fara

Ƙwari da tsutsotsi haram ne, komai ƙanƙantarsu. Saboda haka uwargida takan duba ganyen miya ɗaya bayan ɗaya, ta tsince wake da shinkafa, ta tankaɗe gari. An togace iri huɗu na fara. Yahudawan Yaman da wasu na Maroko sun riƙe sanin irin da aka halatta, suna ci kamar yadda muke cin soyayyiyar fara, amma na Turai sun bari domin gadon ya yanke musu. Zuma halal ce ko da yake ƙudan zuma haram ne, bisa hujjar cewa ruwan fure ne ƙudan ya tara.

4.0 Yanka da Gyaran Nama

4.1 Yanka

Yanka, wanda suke kira "shehita", ba aikin kowa ba ne. Sai "shohet", watau Bayahuden da ya yi karatun hukunce-hukuncen yanka aka ba shi izini. Wuƙarsa doguwa ce mai kaifi, kuma yakan bi bakinta da farce kafin yanka da bayansa, domin ko ɗan giɓi aka samu naman ya ɓaci. Yakan yi addu'a, sa'an nan ya yanke maƙogwaro da hanyar abinci. Abubuwa biyar suna ɓata yanka: dakatawa a tsakiya, danna wuƙa maimakon ja, cusa ta ƙarƙashin fata, yanka a wajen gurbin da aka iyakance, da fizge maƙogwaro. Ɗalibin fiƙihu zai ga kusancin wannan da sharaɗin Malikiyya na yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da ɗage hannu ba. Amma farauta ta raba su, domin barewar da aka harbe ta mutu mushe ce a wurin Bayahude, sai in an kama ta da rai an yanka.

4.2 Binciken huhu

Bayan yanka sai a buɗe ƙirji a shafa huhu. In an sami huda, ko wata manna da take nuna akwai huda, dabbar ta zama terefa, ko da yankan ya inganta. A ƙasashen Musulmi irin wannan nama yakan koma hannun mahauta Musulmi, kuma wannan ne ya sa malaman Malikiyya suka yi magana a kai. Sun bambanta tsakanin abin da shari'armu ta tabbatar an haramta wa Yahudawa, kamar raƙumi da jimina, wanda ba a ci in Bayahude ne ya yanka, da abin da su ne suka faɗa da bakinsu, kamar ɗarifa, wanda aka tsaya ga karhanci.

4.3 Kitse, jijiya da jini

Abubuwa uku ake cirewa daga halattacciyar dabba. Na farko kitsen da ya lulluɓe kayan ciki da ƙoda, wanda a dā ake ƙonawa a kan bagadi a Haikalin Ƙudus. Shi ne kitsen da Risala take nufi, kuma aya ta 146 ta Suratul An'am ta ambaci haramcinsa gare su. Na biyu jijiyar cinya, domin tunawa da labarin Annabi Yakubu, alaihis salam, da ke babi na 32 na Littafin Farawa, inda aka taɓa shi a kwatangwalo ya yi ɗingishi. Cire ta aiki ne mai wuya, shi ya sa a ƙasashen Turai da Amurka akan sayar da ƙafafun baya gaba ɗaya ga waɗanda ba Yahudawa ba. Na uku jini. Musulunci ya hana jinin da ya kwarara, amma kashrut ya bi har wanda ya saura cikin tsoka. Akan jiƙa nama a ruwa rabin sa'a, a barbaɗe shi da gishiri mai tsakuwa a bar shi sa'a guda yana tsiyaya, sa'an nan a ɗauraye sau uku. Hanta kuwa gishiri ba ya isar mata, sai an gasa ta a kan wuta. Ƙwan da aka fasa aka ga ɗigon jini a ciki akan zubar.

5.0 Raba Nama da Nono

A nan ne kashrut ya yi nisa da duk abin da muka saba. Sau uku Attaura ta hana dafa ɗan akuya cikin nonon uwarsa: sau biyu a Littafin Fitowa, sau ɗaya a Maimaitawar Shari'a. Malaman Talmud suka fahimci maimaitawar da hani uku, watau dafa nama da nono tare, da cin abin da aka dafa, da cin moriyarsa ko da ta sayarwa ce. Daga baya suka shigar da naman kaza cikin hanin don toshe kafa.

Alal misali, a ɗauki tuwon dawa da miyar kuka wadda aka dafa da nama. Dawa da kuka da daddawa tsirrai ne, babu laifi gare su. Amma da zarar an zuba man shanu a kai, kamar yadda muke yi, akushin duka ya haramta. Wanda ya ci tsire da rana ba zai bi shi da fura da nono ba sai ya jira. Mafi yawa suna jiran sa'a 6, Yahudawan Jamus sa'a 3, na Holan sa'a 1. In nonon aka fara sha, jiran gajere ne, bayan an kurkure baki.

Dokar ta bi har cikin tukwane, domin a ganinsu tukunya tana shan ɗanɗanon abin da aka dafa a cikinta. Saboda haka gida yakan mallaki kaya kashi biyu, na nama daban na nono daban, daga tukunya har cokali. Tukunyar ƙarfe in ta gauraya ana tsarkake ta da tafasasshen ruwa ko wuta, amma tukunyar ƙasa ba ta da magani. Akwai rangwame guda: in ɗigon nono ya faɗa cikin miyar nama bisa kuskure, kuma miyar ta ninka shi sau 60, ba ta haramta ba. Abincin da ba nama ba kuma ba nono ba, kamar hatsi da ƙwai da kifi da 'ya'yan itace, ana kiransa "fareb", ana ci da kowane ɓangare, sai dai al'ada ta hana haɗa kifi da nama a tukunya ɗaya.

Daɗin daɗawa, a kwanakin Idin Ƙetarewa ana hana duk abin da ya kumbura daga hatsi iri biyar, waɗanda alkama da sha'ir suke kan gaba. Yahudawan Turai suka ƙara da barin shinkafa da gero da wake a waɗannan kwanaki.

6.0 Dalilan Kiyayewa

6.1 Biyayya ga umurni

Attaura ba ta ba da dalili dalla-dalla ba, illa dai ta ɗaure dokokin da kira ga Bani Isra'ila su zama tsarkaka. Malamansu sun sa mafi yawan dokokin abinci cikin rukunin da suke kira "hukkim", watau umurnin da ake bi ko hankali bai gano hikimarsa ba. Wannan shi ne abin da malaman usulu suke kira ta'abbudi. In aka tambayi mai riƙo da addinin, amsarsa ta farko ita ce, Allah ne Ya umurta. Ya kamata a lura cewa Alƙur'ani, a aya ta 160 ta Suratun Nisa'i, ya bayyana wasu daga cikin hane-hanen a matsayin sakamakon zalunci, alhali Yahudawa suna ɗaukarsu alamar alkawari. A wannan gaɓa addinan biyu sun yarda a kan aukuwar hanin, sun saɓa a kan ma'anarsa.

6.2 Batun lafiya

Musa bin Maimun, likita kuma malami, wanda aka haifa a Ƙurɗuba ya rasu a Masar a 1204, ya kawo hujjar lafiya a littafinsa Dalalatul Ha'irin, wanda ya rubuta da Larabci. A ganinsa abubuwan da aka hana suna da illa ga jiki. Ishaƙu Abarbanel, wanda ya rasu a 1508, ya yi masa raddi da cewa wannan fahimta tana mayar da Attaura ƙaramin littafin magani, ga shi kuma sauran al'ummai suna cin waɗannan abubuwa suna zaune lafiya. Mutanen fadama shaida ne, domin tarwaɗa ba ta hana masunci ƙarfin tuƙa kwalekwale ba. Bugu da ƙari, Attaura da kanta ta yarda a ba baƙo mushe ko a sayar masa, abin da ba zai yiwu ba da guba ake gudu.

6.3 Tarbiyyar rai

Musa bin Nahman, malamin da ya rasu a 1270, ya ce an hana tsuntsaye masu farauta ne don kada halin mugunta ya shiga zuciyar mai ci. Wasu kuma suka ce hanin jini girmama rai ne, raba nama da nono kuwa koyar da tausayi ne, don kada a haɗa abin da yake rayar da ɗa da naman ɗan. Abin da ya haɗa waɗannan ra'ayoyi shi ne, mutumin da yake tsayawa ya yi tambaya kafin kowace loma yana horar da sha'awarsa kullum.

6.4 Keɓe al'umma

Masaniyar halayyar al'umma Mary Douglas, a littafinta na 1966, ta nuna cewa dabbobin da aka hana su ne waɗanda ba su cika siffar rukuninsu ba, kamar kifin da ba shi da ɓawo, kuma rarrabe dabbobi hoto ne na rarrabe al'umma. Tarihi ya ƙarfafa wannan. A shekarar 167 kafin Miladiyya, sa'ad da Sarki Antiyokus na Huɗu ya so shafe addinin, cin naman alade na cikin abin da ya tilasta, kuma wasu suka zaɓi mutuwa. Jama'ar da ta warwatsu cikin ƙasashe kusan shekara 2,000 tana bukatar abin da zai tara ta, kuma wanda yake bukatar shohet dole ya zauna kusa da 'yan'uwansa. Dokar ba ta hau kan kowa ba sai Bayahude. Abin da suke ganin ya wajaba a kan sauran 'yan Adam a sha'anin abinci shi ne kada a ci gaɓar da aka yanko daga dabba mai rai.

7.0 Halin da Ake Ciki a Yau

Ba duk Yahudawa ne suke kiyaye kashrut ba. 'Yan Otodoks suna riƙe da shi sosai, wasu suna sassautawa, wasu sun bari. Da abincin gwangwani ya yawaita, sai aka ƙirƙiro tambarin shaida. Wanda ya fi shahara shi ne harafin U cikin da'ira, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1923 a kan gwangwanin waken kamfanin Heinz.

Musulmin da ya je karatu Turai yakan dogara da wannan tambari, amma akwai abin lura. Tambarin yana tabbatar da babu alade babu jini, amma ba ya kore giya, domin giyar inabi halal ce gare su in Bayahude ne ya sarrafa ta, har tana cikin ibadar Asabar. Haka kuma izinin ba ya juyawa: aya ta 5 ta Suratul Ma'ida ta halatta mana abincinsu, amma yankan Musulmi bai halatta ga Bayahude mai kiyaye doka ba.

Akwai kuma matsalar da ta haɗa al'ummomin biyu. Ƙasar Suwizalan ta hana yanka ba tare da sumar da dabba ba tun 1893, Jamus ta 'yan Nazi ta hana a 1933, Denmak a 2014, yankuna biyu na Beljiyam kuma a 2019. A watan Disamba na 2020 Kotun Tarayyar Turai ta yanke cewa ƙasashe suna da ikon kafa irin wannan doka. A shari'ar Beljiyam ƙungiyoyin Yahudawa da na Musulmi ne suka yi ƙara a kan doka ɗaya.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa kashrut da halal sun haɗu a kan hanin alade da jini da mushe da wajabcin yanka, amma sun rabu a kan raƙumi da zomo da tarwaɗa da kitse da giya, da kuma haɗa nama da nono. Ta kuma nuna cewa dalilan lafiya da tarbiyya bayani ne da malamai suka kawo daga baya, alhali tushen da masu addinin suka dogara a kai shi ne umurni da alkawari.

Saboda haka ana ba da shawara ga malaman da suke koyar da fiƙihu da nazarin addinai a kwalejojin ilimi, su riƙa haɗa babin yanka na Risala da taƙaitaccen bayanin wannan tsari, suna kawo misalai daga kasuwar garinsu. Ɗalibin da ya san abin da ake nema a huhun rago bayan yanka zai fahimci dalilin da ya sa Dardir ya ambaci ɗarifa, ya kuma san abin da zai duba a jikin gwangwani in ya sami kansa a ƙasar da babu mahaucin Musulmi.